Hulunan Inna a Kasuwar Kurmi

Tudun Wada

Ana idar da sallar asuba na fito da jakar huluna a kafaɗa. Ɗinkin hannu ne na mahaifiyata, Inna, da matan layinmu da ta koya wa sana'ar, kuma da shi ake cefane a gidaje da dama. Dillalinmu na Kano, Alhaji Sabo, ya kwana biyu bai aiko neman kaya ba, shi ne Inna ta ce in je in ji ko lafiya. Ɗan acaɓa ya sauke ni a tashar Kwangila, na samu kujerar gaba a wata motar da ta ga jiya ta ga yau.

Kwanar Ɗangora

Nan muka tsaya, na karya da ƙosan ɗari biyar, rabinsa mai. Wata tirela ta wuce mu da kwantena. Direbanmu ya nuna ta da haɓa.

"Cike suke zuwa daga China, Malam. In za su koma, sai dai riɗi da ɗanyar fata, ko iska."

Na yaba hular kansa, don aikin ya yi kyau.

"Dubu biyu da rabi. 'Yar China ce."

Ko kuɗin zaren tamu ya fi haka.

Kano

Da hantsi na isa Kurmi. Alhaji Sabo ya karɓe ni hannu biyu, ya aika aka sayo mini fura, yana ta tambayar mutanen gida. Tun daga yawan gaisuwar na sha jinin jikina. Can ya jawo kwali ya buɗe, cike da huluna 'yan China masu zane irin namu.

"Ɗana, ba ƙin ku na yi ba. Wani ya sayi taku ya kai can, inji ya kwaikwaya. Mu muna sayen nasu, su ba sa sayen namu. Ya zan yi da mai dubu biyu a aljihu?"

Guda huɗu ya ɗauka, don kunya. Ya ba ni 'yar China ɗaya in kai wa Inna ta gani.

Gida

Kafin magariba na shiga gida da jakar kusan yadda na fita da ita. Matan suna tsakar gida suna jira, ba wadda ta tambaye ni. Inna ta karɓi baƙuwar hular, ta kai ta kusa da ido, tana juyawa a hankali. Sai ta tsaya a wuri ɗaya. Tun da idonta ya fara rauni, akwai wata kusurwar zanen da take karkacewa a gefen hagu, muna tsokanarta a kai. Ga ta nan a karkace, inji ya ɗinka ta tsaf.

"Tawa ce," in ji ta. "Har kuskuren suka ɗauka."

Takaici ya cika ni. Ta miƙo mini hular, ta ɗauki allurarta, amma ba ta zura zare ba.

Alhamdu lillahi da Allah Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Alhaji Sabo kuma, na gode da fura.