Makullin Jif ɗin Kawu Sale

Duk wanda ya san Kawu Sale ya san ba ya fita ba alli a aljihu. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da Fiziks a sakandare. Da ya yi ritaya aka karɓi allon, aka manta ba a karɓi allin ba, daga nan duniya ta zama allonsa. Bangon zaure, ƙyauren maƙwabci, bencin mai shayi, duk inda gardama ta same shi nan zai durƙusa ya fara lissafi. Na taɓa ganin ya tsayar da mai tura ruwa a nan unguwar Ɗan Iya ta Bauchi, ya zana masa a jikin kura dalilin da ya sa jarkokin gaba ya kamata su koma tsakiya. Mutumin ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Allah ya ƙara sani, Malam," ya tura kurarsa yadda ya saba.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, Habu. Ni ma malamin makaranta ne, sai dai Tarihi nake koyarwa, abin da Kawu yake kira gulmar matattu. To ga shi yau sana'ar ta biyo ta kansa.

Lokacin da fetur ya yi tsadar nan da kowa ya ji a jikinsa, Kawu ya aika daji aka sayar da ragowar shanunsa na gado. Ya sayo ƙaramar jif 'yar China mai aiki da lantarki, ya shimfiɗa farantan sola a rufin gida. Danginmu na ruga suka zo takanas suna salati. Ya ce musu, "Ban bar kiwo ba, dabba na canja. Waccan tana cin ciyawar da rana ta fitar, wannan tana cin ranar kai tsaye. Dillali kawai na cire."

Wadda ba ta yi dariya ba ita ce 'yarsa Rabi, ma'aikaciyar jinya, taubashiyata, wadda tun muna yara take cewa ni bawanta ne.

"Baba, shekarunka saba'in da huɗu," in ji ta. "Mota mai shan mai in ta tsaya, ko a ƙauye akwai mai galan a bakin titi. Wannan in ta mutu maka a daji, rana za ka ɗebo a galan?"

So take ya ajiye tuƙi, ta samo masa direba. Shi kuwa tun rasuwar matarsa tuƙin nan ne ya rage masa. Da shi yake zuwa dubiya da ta'aziyya da gardama ba tare da ya roƙi kowa ba. Aka ja, aka ja, har suka tsaya a kan sharaɗi ɗaya: ranar da motar ta mutu masa a hanya don caji ya ƙare, ko sau ɗaya ne, zai miƙa wa Rabi makulli, ya bar tuƙi har abada. Aka ce a nemo shaida. Rabi ta nuna ni da haɓa, ta ce, "Ga bawana nan, ba shi da wayon yin ƙarya." Kawu ya ce ya yarda, don malamin Tarihi ba ya ƙarya sai a kan wanda ya mutu.

Abu na farko, Kawu bai yarda da allon motar ba. Allon yakan rubuta cewa in batir ya cika za ta yi kilomita ɗari uku da hamsin. Kawu ya ce wannan alƙawarin ɗan takara ne, sai an gwada. Kwana biyu yana safa da marwa tsakanin Ɗan Iya da Tirwun, ya je ya dawo, ya je ya dawo, a hankali kamar mai rakiyar amarya. A rana ta biyu wani dillalin filaye da ya gaji da ƙirga shi ya tare hanya.

"Alhaji, in fuloti kake nema ka sauko mu yi magana. Kallo ta taga ba ya sayen fili."

"Ba fili nake nema ba, gaskiya nake nema."

Dillalin ya ce, "Ai kuwa ba mu da ita a layin nan. Gwada gaba."

Kawu ya dawo gida ya rubuta a bangon gareji da manyan baƙaƙe: ɗari uku ba goma. Ya ja layi biyu a ƙasa, kamar yadda yake yi wa amsar da ba ta da ɗaukaka ƙara.

Sai maganar caji. In da rana, motar tana sha daga rufi. In an kawo wuta, ta ɗan kurɓa. Amma a Agusta, da marka ta zauna kwana uku ba rana ba wuta, sai jif ta kwanta a gareji. Maƙwabcinsa Alhaji Garba, mai shagon atamfa, ya leƙo ta katanga.

"Malam, jawo waya mana. Janaretona yana ta ƙugi a banza."

"Alhaji, me janareton yake sha?"

"Fetur mana."

"To ka gani. Na yi shela a unguwa ta daina shan fetur, sannan in ba ta shi ta katanga? Mai azumi ke nan da ya shiga ɗaki ya kulle ƙofa ya kafa kai a randa."

Ranar a keke ya tafi ɗaurin aure, da babbar rigarsa, ruwa yana feso masa ta gefe. Duk wanda ya tambaye shi ina mota, sai ya ce, "Kiwo ya yi ƙaranci, tana hutawa."

Esin motar kuwa ban taɓa jin sanyinsa ba, sai dai labari. Kawu ya ce duk sanyin da ka ji, hanya ce ka shanye. Kuma kowane fasinja yana da nauyinsa a kilomita. Ni uku ne. Liman biyu. Alhaji Garba biyar, ranar Juma'a shida saboda babbar riga. Alhaji ya ce tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa auna shi da tsawon hanya ba. Kawu ya ce da an auna shi da wuri da bai kai biyar ɗin ba.

Haka aka shekara ba ta taɓa mutuwa a hanya ba. Rabi takan zo ta leƙa gareji, ta koma.

Sai labari ya zo cewa Mista Bitrus, abokin Kawu tun kwalejin horon malamai, yana kwance ba lafiya a Jos. Kawu ya durƙusa gaban bango: zuwa da dawowa wajen ɗari biyu da sittin, motar tana da ɗari uku ba goma, saura talatin, a cire ukuna. Rabi ta kira ni ta ce, "Ka bi shi, ka buɗe ido. In ka rufa masa asiri sai na sayar da kai."

Muka tashi da hantsi. Hanyar Jos hawa ce, kun sani. Ina kallon lambar batir tana zubewa kamar ruwa a kwando. Muna shiga gari ta nuna saura arba'in da huɗu cikin ɗari. Ni dai ban karanta Fiziks ba, amma na san rabin ɗari hamsin ne.

"Kawu, mun ci fiye da rabi."

"Ba mu ci ba, ajiya muka yi a kan dutse. In za mu sauka za a ba mu."

Babu wuta a unguwar Mista Bitrus, janareto kuwa kun ji hukuncinsa. Suka zauna su biyu suna dariyar shugaban makarantar da ya rasu tun ina firamare, har mara lafiya ya tashi zaune ya nemi shayi. Da za mu tafi, matarsa ta sa aka cusa mana buhun dankalin Turawa biyu da kabeji a but. Tsaraba ba a mayar da ita. Na zaci Kawu zai suma. Sai na ga yana shafa buhun yana murmushi.

"Wannan nauyi a saman dutse aka ɗora mana shi, ba mu muka hau da shi ba. Shi zai tura mu. Dankalin nan zai biya kuɗin motarsa."

Kuma wallahi haka aka yi. Muna gangarowa, ya ɗaga ƙafa, motar tana jan birkinta da kanta tana mayar da wuta cikin batir. Na ga lambar ta tsaya. Na ga ta ƙaru da ɗaya. Kawu ya sa hannu ya gyara hula. Ban taɓa ganin girman kai mai tsabta irin na wannan gyaran hular ba.

Mun wuce Nabordo muka ga wata tsohuwa a bakin titi, da ƙwaryar nono a kai, tana ɗingishi. Kawu ya tsaya. Suka gaisa da Fillanci, gaisuwa mai tsawo, har shanu aka tambaya. Ya ce ina za ta? Ta turo leɓe wajen wani dutse, ta ce rugarsu tana nan kusa.

Jama'a, mutumin da bai yarda da injiniyoyin China ba sai da ya yi kwana biyu yana gwada su, mutumin da aka haifa a ruga, wanda ya fi kowa sanin abin da Bafillatana take nufi in ta ce kusa da leɓe, shi ne ya ce, "Shigo, Inna." Bai ma faɗi kilomita nawa ce ba.

Muka sauka daga kwalta muka shiga yashi. Muka wuce dutsen. Ta turo leɓe wajen wani. Muka wuce shi ma. Da muka kai na uku na ce, "Inna, anya ba Kano za mu ba?" Ta ce ai mun iso, bayan rafin can ne. Da muka sauke ta, ta ba mu ƙwan zabi shida da addu'a mai yawa. Kawu ya karɓa da hannu biyu. Sai da muka dawo kan kwalta ya dubi allon, ya ce, "Addu'ar dai ba ta da nauyi. Mu riƙe ta."

Muna isa Miri bayan la'asar, hoton wani ɗan kunkuru ya bayyana a allo, alamar caji ya kusa ƙarewa, motar ta rage gudu da kanta. Saura biyu cikin ɗari. Na dubi Kawu, na ga hannunsa ya ƙanƙame sitiyari. A nan tausayi ya kama ni.

"Kawu, akwai tsohon ɗalibinka a nan mai sola a gonarsa. Mu biya mu gaishe shi, a jona ta awa ɗaya. Gaisuwa ce. Ba sai Rabi ta ji ba."

"Shaida aka ɗauko ka ko abokin sata?" Ya gyara zama. "In ta mutu ka faɗa mata ta mutu. Ba zan riƙe makulli da ƙarya ba."

Ya tsaya a bakin masallaci, ya sa aka sauke dankali da kabeji, ya ce a raba, sun gama aikinsu, gangara ta ƙare. Sannan ya juyo ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai uku ne."

"Kawu, ni ne fa shaida."

"Shaida ido ne, ba sai ya zauna a kujera ba. Hau acaɓa ka biyo ni."

Haka na shigo Bauchi, malamin Tarihi da ƙwan zabi a hula, a bayan acaɓa, muna bin jif mai tafiyar hawainiya. Keke ya wuce mu. Mai kura ya kusa. Ɗan acaɓan ya gaji da taka birki, ya ce, "Malam, tsohon nan koyon mota yake?" Na ce a'a, koyarwa yake.

Rabi tana tsaye a ƙofar gida, an riga an buɗe get. Motar ta hau kwalbati, ta sa ƙafafun gaba a cikin gida, ta yi ajiyar zuciya, ta mutu. Ƙafafun baya suna waje.

Rabi ta miƙa hannu. "Baba, makulli. Rabinta yana kan titi."

"Rabinta yana gida. A tambayi shaida."

Alhaji Garba ya taho zai tura, Kawu ya ce kada wanda ya taɓa ta sai an yanke hukunci. Unguwa ta taru. Na sauka daga acaɓa, na gyara murya, na ba da labarin duka, har da abin da na ce a Miri da amsar da ya ba ni. Sannan na ce a iya sanina, tun kakanninmu, saniyar da ta sa kai a garke ba a cewa ta ɓata.

Rabi ta dubi ubanta. Ta ce, "Ka ƙi a jona ta don kada a yi mini ƙarya?"

"Don kada a yi mini dariya a lahira," in ji shi.

Ta janye hannunta, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta zagaya baya. Ita ta fara turawa.

Ya ƙara shekara biyu yana tuƙi, ba ta kuma mutu masa ba ko sau ɗaya, ko da yake daga ranar in ya ɗauki tsohuwa a hanya yakan ce ta nuna da hannu. Ciwon ajalinsa kwana huɗu ne. Da za a yi masa wanka, Liman ya laluba aljihun rigarsa ya ciro makullin, ya ba ni, ya ce in kai wa 'yarsa. Na same ta a tsakar gida cikin mata, na miƙa mata. Ta dube shi, ta ɓoye hannuwanta a cikin hijabi.

"Ba haka muka yi da shi ba, Habu," in ji ta. "Ba ta mutu masa a hanya ba."

Allah ya jiƙan Kawu Sale. Allah ya sa ya isa gida gaba ɗayansa, ya haskaka masa kabari, ya yafe masa kurakuransa. Mu da muke tafe a baya, Allah ya sa guzurinmu ya kai mu. Amin.