Hayaƙin Fitilar Nong Teryo

Ƙarshen watan nan Nong Teryo zai miƙa makullin ɗakin makamai ya koma gonarsa, kuma ina jin tsoron abin da zai biyo baya. Na faɗa a gida, na faɗa a bakin coci, ana ce mini na cika fargaba. To, mai ɗa a kan tsauni ba ya rasa ta.

Kullum kafin rana ta leƙo tsaunukan Bukidnon na ƙasar Filifin, Eleuterio Dagohoy, wanda muke kira Nong Teryo, ya riga ya isa sansanin 'yan sa-kai na ƙauyenmu. Zai sha kofinsa baƙi, ya ci dafaffen rogo da busasshen kifi, sannan ya fito da bindigogin ɗaya bayan ɗaya, tsofaffin da suka rage tun yaƙin duniya, duk sun girme shi. Ba gindi yake fara dubawa ba, ba kunama ba. Saiti yake dubawa: ɗan tsinken ƙarfen da ke bakin bindiga, da abin leƙawa na baya. Kowa ya san ranar da ya hana wani ƙato bindiga ƙirar Garand, saboda tsinkenta ya karkace. Mutumin ya yi ta faɗa, Nong Teryo ya ce masa gara ya tafi da adda, ita aƙalla inda aka sara nan take ci.

Ɗana Rodel ya shiga sa-kai bara. Dokar sansanin ita ce, wanda ya ci gwajin harbi za a ba shi bindiga. Wanda ya faɗi, shi ma zai hau tsauni sintiri, amma da buhun shinkafa a baya, hannu wofi. Tun da na ji haka abinci ya daina yi mini daɗi.

Gwajin ya faɗo bayan bikin waliyyin ƙauyenmu. Al'adarmu ce, kafin biki komai na ƙarfe sai ya sha toka da lemon tsami: tukwane, fitilun coci, har bindigogin fareti. Rodel kuwa ɗan uwarsa ne wajen guga. Bindigar da aka ara masa don fareti ta fi ta kowa ƙyalli, uwarsa har da hawaye ranar fareti.

Ana gobe gwaji suka fita gwada hannu da rana tsaka, ni ina raɓe a jikin shinge. Rodel ya yi ta harbi, allo ko ƙwarzane. Abokansa suka samu abin yi, suna kiransa Dong, yadda muke kiran yaro namiji.

"Dong, bari mu koma gaban allon, can ya fi tsaro!"

Yaron ya tashi fuska a murtuke, ya ce Garand ɗin ce ta tsufa, a canza masa da ƙaramar bindigar nan, karabin. Nong Teryo bai yi masa faɗa ba. Ya shimfiɗa buhu a inuwa, ya jera bindiga uku, ya ce ya leƙa kowacce. Ya nuna masa tsohuwar Springfield, mai ɗan tsagi nesa da ido, ya ce wannan surukar mutum ce, sai ka kalli tsagi, ka kalli tsinke, ka kalli allo a lokaci guda, kuma duk da haka ba ka iya mata ba. Karabin ba nauyi, hudar saitinta na da daɗin leƙawa a cikin sarƙaƙiya, amma in abu ya yi nisa sai ta fara inda-inda. Garand kuwa hudarta na daf da ido, idan ka leƙa, idon da kansa yake neman tsakiya, kai dai ka ɗora tsinke a kan abin da kake so.

"To yanzu fito da taka cikin rana. Me ka gani?"

"Haske, Nong."

"Tsinken fa?"

Ashe gugar biki ce ta ja wa Rodel. Ya goge baƙin tsinken tas, ya mai da shi madubi. In rana ta doke shi gefe guda sai ya narke a ido, mutum ya yi ta saiti da walƙiya.

Tsohon ya aika aka ɗauko fitilar kananzir mara gilashi. Ya kunna ta da rana tsaka, yara na dariya, ya riƙe tsinken a kan hayaƙin har ya yi baƙi ƙirin. Rodel ya kwanta ya harba. Allon ya girgiza. Ya sake, ya sake girgiza. Ni kuwa sai na zauna a ƙasa.

Kafin Nong Teryo ya sakar masa bindigar, sai ya riƙe ta da hannu biyu. "Dong, na sa ta tafi inda kake kallo. Inda za ka kalla kuma, wannan tsakaninka da Allah. In ba ka ga hannun mutum da abin da ke cikinsa ba, kada yatsanka ya taɓa kunama. Masu saran itace ma tsaunin nan suke hawa."

Nong, kai ne kake mayar mana da 'ya'yanmu, kai ne kuma ka sa 'ya'yan wasu suke komawa gida. Ba ka taɓa hawa dandamalin fareti ba, domin aikinka baƙi ne, ba ya ɗaukar ido. Na gode, mai fitilar rana. Uwar Rodel ma ta gode, ko da yake har yanzu tana cewa ka ɓata mata bindiga.

Da na tambayi Nong Teryo dalilin tafiyarsa, sai ya ce yanzu in ya leƙa huda tsinke biyu yake gani, kuma ba zai gyara wa ɗan wani abin da shi kansa ba ya gani ba.

Samarinmu, saura 'yan kwanaki. Ku je ku zauna kusa da buhun nan, ku leƙa abin da ya ce ku leƙa. Rodel ya ci gwajinsa, yana kan tsauni da ashana a aljihu. Biki ya kusa, mata sun fara tara toka, sababbin yara sun shiga sansani. Wanda zai kunna musu fitila, har yau ba mu san shi ba.