Akushin Kaka

Maƙwabciyata tana soya man shanu yau da hantsi. Ban gan ta ba, ƙamshin ne ya hauro katanga, da albasa a cikinsa, ya same ni ina shanya. Na ajiye zanen da ke hannuna, na shiga ɗaki na rufe taga. Ba kuka na yi ba, mai karatu. Zama kawai na yi a bakin gado har ƙamshin ya wuce.

Shekarata tara ko goma a lokacin. Ƙauyenmu yana gefen Attantane, kuma damina biyu a jere gero bai kai ga fid da kai ba. A shekarun ne aka ce soja sun karɓi mulki a Yamai. Mu dai abin da muka gani shi ne kamiyo, babbar motar kaya, mai kawo jar dawa ta taimako, sai a yi layi a rana, a auna wa kowane gida. Tuwonta ba ya da ɗanɗano, kunun ma haka. Mutane sun rage magana. Ko jakuna sun daina kuka da safe.

A ɗakin kakata, uwar Baba, nake kwana. Tun ina ƙarama aka ba ta ni. Doguwa ce, mai tsokana, ba ta kirana sai da "Kwaɗayayya". Ciwonta ya girme ni. Yakan tafi wata biyu ko uku, sai ya dawo. Idanunta su yi ɗorawa, fitsarinta ya yi kamar shayi, jikinta ya kama ƙaiƙayi har ta riƙa susa da totuwa. A gari ana cewa shawara ce. Amma abin da ya fi cin ta shi ne tashin zuciya da amai.

Ta san kan abinta. Akwai kasko cike da yashi a bayan ƙofarta. Akwai ƴar ƙwarya da tsamiya a jiƙe kullum. In zuciyar ta fara tashi, sai ta jingina da bango ta miƙe wuya, ta ce in yayyafa ruwa a jikin randa in kawo mata ta shaƙi ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wani lokaci hakan ya kwantar. Wani lokaci ta yi ta kakari har abu mai ɗaci, tsanwa tsanwa, ya fito. In ta gama, ta kurkure baki, ta kurɓi ruwan tsamiya a bakin ludayi, kaɗan, ta jira, ta ƙara kaɗan. Ni kuma in rufe da yashi in kai bayan rumbu.

Da na girma na karanta littattafan soyayya da yawa, waɗanda ake kawowa kasuwar Tasawa daga Kano. A cikinsu in mace ta yi ciwo sai ta ƙara kyau, ta suma a hankali, wani ya tallabe ta. Na so su ƙwarai, har yanzu ina son su. Amma ban taɓa cin karo da kaskon yashi a ko ɗaya ba.

Baba shi ne ɗan farin Kaka. A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta dubansa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya zo gaisuwa, daga bakin ƙofa zai durƙusa, ita kuma ta juya fuska ga bango ta amsa a taƙaice. In dole ta ambace shi sai ta ce "mutumin nan". Saboda haka hirarsu duk a akushi take. Kowace la'asar Inna ta tuƙa, Baba da kansa ya zaɓi malmala, a ba ni in kai. In akushin ya dawo wayam, uwa ta yarda da ɗanta. In ya dawo da tuwo a ciki, fushi take, kuma duk gida sai ya sani.

Da yunwa ta yi tsanani Kaka ta rame har ƙasusuwan wuyanta suka fito. Tsofaffi suka ce wa Baba man shanu ne maganin irin wannan, yana laushe hanji, yana mai da jini. Ina za a samu man shanu a shekarar da shanu ke faɗuwa a bakin hanya? Akwai wani Bafillatani, abokin Baba tun suna yara, da ya rage da shanu huɗu. Baba ya riƙa ja masa ruwa a rijiya mai zurfin gaba da yawa, daga fitowar rana zuwa azahar, shi kuma ran kasuwa ya ba shi ɗan curin mai a ƙoƙo. Inna ta soya da albasa, ta riƙa zuba cokali ɗaya a tuwon Kaka kaɗai. Ƙamshin ya riƙa cika gida, yara mu yi ta haɗiyar miyau.

Kaka ta ci. Ta ci don akushin ya koma wayam. Kafin magariba ta dawo da shi duka a kasko, tana dafe da haƙarƙarinta na dama. Washegari haka. Jibi haka. Ko ƙamshin ta ji daga nesa sai ta toshe hanci da gefen mayafi. Amma ba ta da bakin da za ta ce wa mutumin nan ya daina, bayan ta ga yadda igiyar guga ta tsattsage masa tafin hannu.

Wata la'asar na ajiye akushin, sai ta tura mini shi da ƙafa.

"Kwaɗayayya, rufe ƙofa. Yau ga ranarki."

Na ce, "Kaka, naki ne."

"To na ba ki. Ko sai na kira alƙali? Ci, ki lashe, kar ki bar ko maiƙo. In kin hwaɗa ma wani, na aske maki kai."

Na ci. Zan so in ce na ji kunya, ko tausayi, ko tsoron Allah. Ban ji ba. Ɗumin mai kawai na ji yana sauka cikina. Na suɗe akushin da yatsa, na goge baki da yashi don kar a ji ƙamshi, na kai wa Baba. Ya leƙa ciki.

"Ta ci?"

"Ta cinye."

Ya gyaɗa kai, ya koma gyaran igiyarsa.

Haka muka yi wajen wata uku. Ni in ci tuwon mai, ita ta sha tsinkakken kunun tsamiya da nake dama mata a ɗaki, ludayi biyu yanzu, ludayi biyu an jima. Aman ya ragu sosai. Har ta koma kaɗa auduga tana tsokanar masu wucewa. Gari ya ɗauka man shanu ya yi aiki. Ni kuwa kumatuna suka ciko, a shekarar da ƴan uwana ke da wuya kamar sillen kara. Mata a bakin rijiya suna cewa, "Ɗiyar nan, iskar ɗakin tsohuwa ta karɓe ta." Ina jin su, ina ɗaukar tuluna.

Ranar Sallah ƙarama babu wanda ya yi sabon ɗinki. Baba ya dawo daga idi, ya karɓi akushin daga hannuna, ya kai da kansa. Ya durƙusa ya gaishe ta. Maimakon ya tashi kamar kullum, sai ya zauna a dokin ƙofa, ya ba ta baya, yana duban tsakar gida. Ranar cokali uku Inna ta zuba, saboda Sallah.

Kaka ta dubi akushin, ta dubi bayan ɗanta, ta dube ni. Ta wanke hannu ta ci. Loma bayan loma, ba ta bar komai ba. Ina tsaye ina kallo, kuma abin da ke raina, Allah ya yafe mini, shi ne yau ba ni da rabo.

Kwana biyu tana amai. Ko ruwan tsamiya bai zauna ba. Zazzaɓi ya rufe ta, idanunta suka koma kamar gwaiduwa. Aka ɗora ta a amalanke zuwa bakin hanya, daga nan mota ta kai mu asibitin Tasawa, ni da ita da Baba, ina rungume da kaskon.

Majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya danna cikinta ta zabura. Ya sa mata ruwa a jijiya, sannan ya tambayi abin da take ci. Baba ya gyara tsayuwa ya ce man shanu, kullum, wata uku ba fashi.

Majo ya cire tabarau. "Malam, wa ya ce ka ba ta mai? Hanyar madaciyarta ce ta ƙuntace. Mai shi ke tayar da ciwon, shi ke kawo aman nan. Kar ta ƙara cin mai, ko kitse, ko soyayye. Ta ci kaɗan kaɗan, sau da yawa. In ta yi amai a jira, sannan a ba ta ruwa da ɗan gishiri da sukari a cokali."

Ya ce gyaran hanyar sai babban asibiti, can nesa. Baba ya juya tafin hannunsa yana duban tsagar da igiya ta yi masa. Kaka tana kwance fuskarta ga bango. Magana ɗaya ce a bakina: ba ta ci ba, ni na ci. Da na faɗa, da na sauke masa wata uku daga kansa. Amma da na faɗa, da ya san duk akushin da ya leƙa ƙarya ce ta dawo masa. Sai na koma ƙirga ɗigon ruwan da ke sauka a robar da aka sa mata.

Ta ƙara shekara biyu a duniya. Akushin ya ci gaba da zuwa, da kunu ko tuwo mai laushi, babu mai. Aman yana zuwa yana tafiya, tana tarbarsa da tsamiyarta da randarta. Ta rasu lokacin kaka, shekarar da gero ya yi kyau. Mata suna kuka, ni ina wanke kasko.

Sai da Baba ya tsufa, ya zo Tasawa wajena jinyar ido, na iya faɗa masa. Muna zaune a inuwa na kwashe duka na gaya masa. Bai ko juyo ba.

Ya ce, "Na sani. Wa ke yin kumatu da jar dawa?"

"To don mi ka ci gaba da jan ruwan?"

"In na daina, da mi zan gaishe ta? Na ɗauka jikarta take bar wa. Ban san man cutar ta yake ba." Ya shafa gwiwa. "Kuskurena ɗaya ne, ranar Sallah. Na so in ɗan zauna kusa da ita."

Yanzu abubuwa sun sake. Ana haska ciki da na'ura a ga madaciya ƙuru ƙuru. Ɗan farina yana kirana a waya, in kira sunansa, in yi masa faɗa, har mu yi dariya, kuma babu wanda ya ce na yi rashin kunya. Ran Juma'a matarsa takan aiko mini da abinci a kula. Sau ɗaya ta zuba man shanu. Na ɗauki waya na ce masa kar a ƙara, ba na ci. Ya ce, "To, Inna," ya shiga wata hira. Maganar ba ta kai minti ɗaya ba.

Na ajiye wayar, na daɗe ina duban kular. Sannan na kira jikata, na ce ta rufe ƙofa.