Rairayi a Majajjawa

Ranar da 'yan bindiga suka cinna wa rumfar fetur ta kawuna wuta a Kurawa, maƙwabcinmu ya rugo da bokitin ruwa ya watsa. Wutar ta hau kan ruwan, ta biyo shi, ta kama rigarsa yana birgima yana ihu. Jarkoki suka dinga fashewa, ba mai iya matsawa kusa.

Sai muka ɗauko majajjawar korar tsuntsaye a gonar gero, muna ƙulla rairayi a leda muna wurgawa daga bayan katanga. Kafaɗata ta kumbura kafin wutar ta mutu. Rumbunanmu sun tsira, amma maƙwabcin namu bai kai asibitin Sabon Birni da rai ba.

Har yau, duk wanda ya nufi wutar fetur da ruwa, marinsa za ni yi kafin in yi mai bayani.