Tirelar Shanu Zuwa Wurin Yaya Hamisu

Asabar, Wudil

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka tashi daga karar Wudil, shekara biyu da komawar soja bariki. Tun ranar Alhamis wani direban goro ya kawo mini saƙo cewa wana, Yaya Hamisu, mai fawa a mayankar Oko-Oba a Legas, yana kwance, ya ce in zo mu yafi juna. Shekara shida ba ma magana a kan gonar gado. Ni ne na dasa gamba a tsakiyarta, don kada ya ci mini ko taku ɗaya.

Babbar bas naira dubu biyu ce, kwana ɗaya ta isa. Tirelar shanu ɗari bakwai. Duk wanda ya san ni ya san wadda na hau. Na ce a raina ai Yaya ƙarfi gare shi, zai jira.

A kan katako muka zauna, shanu a ƙarƙashinmu. Zariya ƙarfe takwas, Kaduna sha ɗaya, kowane shinge sai an tsaya. Da magariba muka ci shinkafa da wake ta naira arba'in a Tegina, muka kwana nan.

Lahadi, Mokwa

Da hantsi wani bijimi ya faɗi, 'yan'uwansa suka tattake shi. Aka murɗa masa wutsiya, ya ƙi tashi, dole aka yanka shi kafin ya zama mushe. Sauke shi da neman mai sayen naman ya cinye mana yini guda.

"Direba, ina da mara lafiya fa," na ce.

"Malam, mai mara lafiya bas yake hawa. Nan shanu ne fasinja."

A kowace sujada abu ɗaya na dinga roƙo: Allah Ka sa in tarar da shi da rai, ko na awa ɗaya ne. Ban taɓa addu'a da kuka irin ta ranar ba, har na sakankance an karɓa.

Litinin

Mun haye gadar Jebba ƙarfe bakwai. Bayan Ilori wata tanka ta faɗi ta tare hanya, muka yini a layi, sai Ibadan muka kwana.

Talata, Agege

Ƙarfe goma muka sauke shanu a Oko-Oba. Aka nuna mini abokin sana'ar Yaya, Alhaji Isiyaku, haifaffen Agege. Yana jin sunana ya ajiye wuƙa ya wanke hannu.

"Jiya da azahar. Da la'asar muka kai shi. Sai haƙuri."

Muka hau danfo, ƙaramar bas ɗin hayar Legas, zuwa maƙabarta, ƙasar kabarin ko bushewa ba ta yi ba. Da muka dawo aka kira azahar, na zauna a bakin masallaci da takalmina a ƙafa. Zan faɗi gaskiya: zuciyata ta yi baƙi, na ji ban ga amfanin ɗaga hannu ba.

Alhaji ya fito ya same ni. "Oga Sani, ba ka yi salla ba?"

"Awa ɗaya kacal na roƙa, Alhaji. Awa ɗaya aka hana ni."

Ya dube ni ya ce, "Kai awa ɗaya ka roƙa. Allah shekara shida Ya ba ka, me ka yi da su? Yayanka kuwa ran Lahadi ya tara mu, ya ce mu shaida ya yafe maka. Yana jin ƙarar babur ɗin okada a ƙofa sai ya ce a duba ko kai ne."

Ban san lokacin da na cire takalmin ba. Na yi alwala, hawaye na bin ruwan, na yi sallar da na fi kowacce jin kunyar Ubangijina a cikinta. Ba Shi Ya zaɓa mini tirela ba.

Komawa gida

Kwana uku na yi a ɗakin Yaya ina karɓar gaisuwa. Ran Juma'a na hau bas, Asabar da hantsi ina Wudil. Na gode wa Allah da Ya dawo da ni, na gode wa Alhaji Isiyaku da bai lallashe ni ba.

Washegari na ɗauki fartanya na tone gambar nan kaf. Rabin yini bai cika ba na gama.