Na'urar da aka kai gyara Kaduna

Har na bar aikin koyarwa ba zan manta da Talatar da sufeto ya shigo ajina ba. Lokacin ina Malama mai mataki na tara, ina koyar da ilimin halittu a wata kwaleji a Kafanchan. Rahoton sufeto ne ke sa a bar wa makaranta kwas ko a rufe shi, don haka shugabanmu, Mista Bitrus, ya sa aka yi fenti har a kututturen mangwaro.

Darasin ranar a kan spliceosome ne, wani ɗan mitsitsin abu a cikin ƙwayar halitta da ke yanke RNA ya sake haɗa shi. Na miƙa igiya a gaban aji a matsayin RNA da aka kwafo daga DNA, na shafa alli a tsakiyarta, wato intron, sashen da za a cire. Ɗalibai biyar suka fito a matsayin sassan spliceosome. U1 ya riƙe farkon wurin allin, U2 ya kama kusa da ƙarshensa, sannan U4 da U5 da U6 suka iso tare. U1 da U4 suka koma kujerunsu, sauran suka yanke igiyar, suka lanƙwasa tsakiyar kamar zargen makiyaya suka yar, suka ɗaure gefe biyun. Na ce babu na'urar da ta kai wannan iya aiki.

Sufeto, wanda tarihi ya karanta, ya ɗago kai ya tambaya me ya sa ake wahalar da yara da igiya, ina ita na'urar?

Kafin na buɗe baki Mista Bitrus ya ce, “Yallabai, mun kai shi gyara Kaduna. Fiyus ne ya ƙone.”

Mista Bitrus ya kafe ni da ido. Na tuna abokan aikina da kwas ɗin ke ciyarwa, na yi shiru. Sufeto ya gyaɗa kai, ya rubuta cewa a gaggauta dawo da ita. Aka bar mana kwas.

Da jarrabawa ta zo na tambayi inda ake samun spliceosome. Wasu suka rubuta cikin cibiyar ƙwayar halitta. Da yawa suka rubuta Kaduna, har wata 'yar Manchok ta ƙara da cewa ana jiran fiyus.

Ban iya ba su sifili ba, tunda a gabana aka faɗa kuma ban musa ba. Na sake darasin daga farko, na ce musu laifina ne.

Ku sababbin malamai, a aikin nan manya sun fi tsoron cewa “ban sani ba” fiye da ƙarya. Ku kuma duk abin da kuka yi wa shiru a gaban ɗalibai, kun koyar da shi.