Nasiba da Irin Shinkafar Bengu

Da asuba, tana sallame salla, Nasiba ta hau saman soro da ordinata, wato kwamfuta, a hammata, waya a hannu. Rezon waya a Gaya ba shi da amana. Yanzu na Nijar ne, an jima wayar ta tsallake kogi ta kama na Benin, wani lokaci ma ta leƙa Kamba. Amma kafin kamiyoyin bakin gada su tashi, kafin direbobi da 'yan taransit masu fitar da kaya a kwastan su fara kiraye-kiraye, yakan ɗan zauna wuri ɗaya. Shi ya sa duk aikin da ke son intanet a nan take yin sa, kan tabarma, sauro na cin ƙafarta.

Nasiba malamar gona ce. Ɗiyar Siddo ce, direban da ya ƙare ƙarfinsa tsakanin Kwatano da Yamai. Bai bar mata gida ko gona ba, sai hali guda: ko karen mota ya rantse taya lafiya take, sai ya sauka ya doke ta da ƙafarsa. Ta yi karatun noma a Yamai, ta dawo gida ta yi aure, wani shirin tallafa wa manoma ya ɗauke ta ya haɗa ta da ƙungiyar mata masu noman shinkafa a fadamar Bengu. Ba ta da daɗin baki wajen taro. In an ba ta magana, jimla biyu ta ƙare. Amma babu wadda ta taɓa cewa ta jira ta ba ta zo ba.

A shekarar nan ta koma karatu daga nesa, tana rubuta memuwar, wato kundin kammala karatu, a kan shinkafa da ƙasa mai kanwa. Takardun bincike sun yi mata yawa, sai ta zuba su cikin wani lojisiyel, wato manhajar kwamfuta, da ke tattara su, ya jera sunan marubuci da shekara, ya kuma shirya madogara a ƙarshen rubutu. Malamin da ke duba aikinta ya turo mata saƙo cewa akwai wani ɗan ƙari da ake liƙa wa lojisiyel ɗin, kamar yadda ake ɗaura tirela a bayan mota. In ta saka shi, zai nuna mata a gaban kowace takarda mutum nawa suka ambace ta a nasu binciken, nawa suka mara mata baya, nawa kuma suka gwada suka ce ba haka ba ne.

Shi ta hau yi a safiyar nan. Fayil ɗin ƙarami ne, amma sai da ya katse ya sake katsewa kafin ya sauko. Ta buɗe lojisiyel, ta nuna masa fayil ɗin, ta rufe, ta sake buɗewa. Sababbin layuka suka fito a gefen dama, babu komai a cikinsu. Ta zaɓi takardun duka ta ce ya nemo. Lambobi suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya. Rahotannin gida, irin waɗanda ɗalibai da ma'aikata suka rubuta aka buga a ofis, nasu wurin ya zauna fayau, don ba su da lambar shaidar da ake neman takarda da ita. Wannan bai dame ta ba.

Takarda guda take jira. Ita ce wadda ta ce wani sabon irin shinkafa yana jure ƙasa mai gishiri. Da ita Nasiba ta tsaya gaban shugaban ofishinsu har aka sayo irin, da ita kuma ta tsaya gaban matan Bengu ta ce su karɓa. Tun da farko ta san ana yawan ambaton takardar, ita kuwa ta ɗauka duk abin da malamai suke yawan ambato mai kyau ne. Lambar ta fito babba kamar yadda ta zata. Sai dai a layin masu saɓawa ma akwai lamba, kuma ba kaɗan ba.

Ta bi su ta buɗe. Biyu daga ciki ana iya karantawa kyauta, ta karanta har rana ta fara dukan allon. Maganarsu ɗaya ce. An gwada irin a ƙasar bakin teku, inda gishiri ne zalla, ya yi kyau. Waɗanda suka kai shi ƙasa mai kanwa sun ga ya fito, ya yi rawaya, ya tsaya. Fadamar Bengu kuwa, wurare da yawa da rani fari fat suke yi da kanwa. An riga an raba iri, kuma a makon nan za a zuba shi.

Mijinta Habibu ya leƙo daga tsakar gida ya tambaya ko soron ne ya aure ta, ga kokonta ya huce. Ta sauko ba ta sha ba.

A ofis shugabanta ya saurare ta yana kaɗa makulli. Ya ce masu bincike ba sa rabuwa da gardama, rahoto ya riga ya tafi Doso, kuma wa ya sani, wataƙila irin ya yi. In ta je ta tayar da hankalin mata, gobe ko ruwa ta ce musu su sha ba za su sha ba. Wannan na ƙarshen gaskiya ne, ita ma ta sani. Ta ce masa rahoto ba ya yin rawaya, shinkafa ce ke yi. Bai hana ta ba, bai kuma ba ta mota ba. Ta hau babur ɗinta.

A Bengu ta tarar da Kadi, shugabar ƙungiya, tana tsince tsakuwa a faifai. A shekaru Kadi ta isa ta haife ta, kuma tun ranar farko ba ta kiran ta da komai sai ɗiyata. Bayan gaisuwa Nasiba ta faɗa mata komai, ba ta rage ba, ba ta kuma ɗora wa kowa ba.

"To ɗiyata, takarda ta ce a shuka, takarda kuma ta ce kar a shuka?"

"Takardar farko ba ƙarya ta yi ba, Inna. Ba ƙasarmu take nufi ba. Ni ce ban bi na ji abin da waɗanda suka gwada bayanta suka ce ba."

"Wancan akwatin naki ne ya gaya miki?"

"Shi ya nuna mini inda zan duba."

Kadi ta ajiye faifan. "Da ya nuna miki kafin mu dafa tsohon irinmu, da ya kyauta."

Nan matsalar take. Da aka kawo sabon iri, da yawa sun ga babu amfanin ajiye tsoho, sun sheme shi a tukunya. Kadi ta aika aka tara matan a gindin giginya. Nasiba ta sake faɗa a gabansu, da kalmomin da ta faɗa wa Kadi. Wata ta ce ita ta riga ta jiƙa nata tun jiya. Wata mai suna Mansura ta ce dama ta san abin kyauta ba ya ƙarewa lafiya, ta ɗauki ɗanta ta tafi ba sallama. Sauran suka yi ta magana a tare, har Kadi ta buga faifai a ƙasa.

Abin da aka tsayar ba mai daɗi ba ne, amma ana iya yin sa. Sabon iri a zuba shi a gefen da ƙasa take baƙa, inda kanwa ba ta tasowa. Inda take fari a sa tsoho. Duk mai ragowar tsoho ta kawo a haɗa a raba, abin da bai kai ba Nasiba ta nemo. Ta ce tana da gwaggo a Bana mai rumbu, za ta je yau. Kadi ta ce mata kar ta sa ran Mansura za ta amsa gaisuwarta kafin girbi, in ma shinkafar ta yi.

Kafin ta tafi Bana sai da aka ware fadamar, don kar wata ta zuba inda bai kamata ba. Nasiba ta cire takalmi ta naɗe zane, tana tafe a gaban Kadi da damin kara a kafaɗa. Duk inda ƙasa ta fara fari sai ta duƙa, ta murza ta a yatsa, ta ɗanɗana, ta tofar, ta kafa kara ɗaya, ta ƙara gaba.